Awa Uku Gaba

Teburina a Nima bai kai faɗin dardumar salla ba.
Gilashi a sama, ƙananan kusoshi a gwangwanin madara.
Shekara talatin ina buɗe cikin agogon mutane,
ban taɓa ganin wanda ya gaji kamar nasa ba.

Ran Talata ya zo, kwata ta cika ta tumbatsa,
takalmi a hannu, wando a naɗe,
Larabcinsa ba irin na malamanmu ba.
Ya ce sunansa Hikmat, daga Mausil.
Na ce, Masar?
Ya ce, Iraƙi,
ya nuna gabas da haɓa, can bayan hasumiyoyin Kanda.

Na buɗe. Ƙura ce ciki, fara sol,
mai laushi kamar garin alabo.
Ya ce bangon ɗakinsa ne,
tun daren da rufi ya sauko ya tarar da su a shimfiɗa.
Na ɗaga burushi, ya riƙe mini hannu.
Sai na karkaɗe ta cikin takarda,
na naɗe masa kamar laya.

Da agogo ya farfaɗo na kama kunnensa zan saita.
Ya ce, bar shi, Usta, awa uku yake gaba da ku.
In ya ce shida, Suhaila ƙanwata na hura wuta a bakin tanti.
In ya ce tara na dare, ɗana ya tashi daga wankin kwanuka
a garin da ba a son jin harshensa.
In ka daidaita shi da Ankara,
ina zan riƙa samunsu?

Na saya masa koko da ƙosai.
Na ce, wa ya kore ku?
Ya ajiye kofi ya shiga lanƙwasa yatsu:
waɗanda suka ƙetaro teku wai ceto,
masu baƙar tuta,
waɗanda suka zo korar masu baƙar tuta,
maƙwabta masu aiko da bindigogi kamar tuwon suna.
Kowannensu tsaro ya ce ya kawo mana.
Yatsa ɗaya ya rage. Ya daɗe yana kallonsa.
Ya ce, wannan na maƙwabcina ne,
wanda ya shafa wa ƙofata fenti.

Ban ce komai ba.
Kakata Dije na tuna,
yadda aka ba baƙi mako biyu su bar ƙasar nan,
ta sayar da tukwanenta kuɗin goro,
ta hau akori-kura zuwa garin da ba ta taɓa gani ba.
Ta dawo, amma har ta rasu
takardunta na cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa.

Kowace Alhamis yana shiga torotoro zuwa ofishin 'yan hijira,
ya tafi da lamba, ya dawo da ita.
Da yamma ya zauna a bencina yana gyara fanka,
shi da ya koyar da lissafi shekara ashirin.

Jiya rediyo ta ce an ƙara sojoji a iyakar arewa.
Hikmat ya ce, haka tamu ta fara, a rediyo.
Na shafa gemuna. A bushe yake.

Yau da asuba wata mata ta sauka gidan Alhaji Tanko,
'ya'ya huɗu, buhu ɗaya, daga ƙetaren Paga.
Ta miƙo mini agogon mijinta, ko zan saya.
Na kara shi a kunne, yana tafiya.
Na dubi fuskarsa, na dubi nawa.
Ko minti ɗaya babu tsakaninmu.